Shekara 70 Newcastle tana jiran wannan yammacin

Jama'a, ashe kofin da muke rainawa a gidajen kallo, a wani garin har hawaye ake zubar masa! Ranar Lahadi 16 ga Maris 2025, muna tsakiyar azumi, na zauna kallon wasan ƙarshe na kofin Carabao a Wembley, Liverpool da Newcastle United. Tun kafin a take leda ƴan benci suka gama raba kofi: Liverpool ce saman teburin Firimiya, ga Salah yana ta ruwan ƙwallaye. Daf da hutun rabin lokaci Trippier na Newcastle ya bugo kwana, wani dogo ya tashi can nesa da raga ya sa wa ƙwallon kai, ta wuce Kelleher kamar an harba ta da ƙafa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Sunan dogon Dan Burn, kuma labarinsa ne ya hana ni barci a daren. Ɗan Blyth ne, wani gari kusa da Newcastle. Newcastle United ɗin ce ta sallame shi yana ɗan shekara 11. Ya yi aikin tura kekunan kaya a kantin Asda, ya bi ta Darlington da Fulham da Wigan da Brighton, sai a 2022 ya dawo gida. Tsayinsa ya haura mita biyu. A makon wasan nan ne Thomas Tuchel ya kira shi tawagar Ingila karon farko, yana da shekara 32. Ku duba fa, wanda aka ce bai isa ba tun yana yaro, shi ya buɗe ƙofar.

Ana dawowa, a minti na 52, Murphy ya sauke wa Alexander Isak ƙwallo da ka, shi kuma ya narka ta. A wajenmu daidai lokacin ake kiran magariba, wasu da dabino a hannu sun manta su kai baki. Chiesa ya rama ɗaya a ƙarin lokaci, aka tashi 2-1.

Bayan tarawihi na bi sawun yadda suka iso Wembley, nan ne mamakina ya ƙaru. Tun wasan farko saura ƙiris a yi waje da su: 1-1 a gidan Nottingham Forest, sai da bugun fenareti suka tsira. A daren ne Sandro Tonali ya dawo daga dakatarwar wata goma kan caca. Sai AFC Wimbledon, wadda ambaliya ta lalata filinta aka mayar da wasan St James' Park. Da ƙyar, da fenaretin Schär ɗaya tilo. Daga nan kuma babu sauƙi ko kaɗan. Chelsea ta sha 2-0. Brentford ta sha 3-1, Tonali ya ci biyu.

Arsenal ce ta fi ba ni dariya, ƴan'uwana magoya bayanta su yi haƙuri. An ci ta 2-0 a Emirates, kocinta Arteta ya fito yana ƙorafin cewa ƙwallon Puma da ake bugawa a gasar tashinta daban ne. Aka je Newcastle, aka sake ba ta 2-0 da irin wannan ƙwallon. Anthony Gordon, wanda ya ci a wasannin biyu, bai ma buga na ƙarshen ba saboda jan katin da ya samu a kofin FA.

Na san abin da za a ce: kuɗin Saudiyya ne, tunda asusun zuba jarinta ya sayi ƙungiyar a 2021. Kuɗi ya yi aiki, babu musu. Amma da kuɗin nan suka zo Wembley a 2023, Manchester United ta kora su da 2-0. Kafin wannan nasarar, rabonsu da kofin cikin gida tun kofin FA na 1955, rabonsu da kowane babban kofi tun 1969. Kocinsu Eddie Howe kuma ya zama kocin farko ɗan Ingila da ya ɗauki babban kofi a ƙasar tun Harry Redknapp a 2008.

Duk wanda ya ƙara ce mini Carabao kofin yara ne, ya fara gaya mini shekara nawa ƙungiyarsa ta taɓa yi tana jira.