Auren da ke jiran hatimi

An ɗaura aurensu a Illela da goro da dabino, gaban liman da shaidu, amma Faransa ba ta san goro ba, takarda ta sani. A kotun Birnin Konni ta kai dattawa biyu, suka shaida shekarar haihuwarta. Mijin, tsohon leburan siminti a Malbaza, ya kwashe shekara a Paris yana neman ɗaki mai murabba'in mita 22, gwargwadon da doka ta gindaya wa ma'aurata. Takardu na kammala, sai aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024. Suna nan ƙasan akwatinta, tare da atamfar lefen da ta ajiye domin ranar tafiya.