Kwaɗon da muka saya ya ƙi rufuwa

Jama'a, satin da ya wuce na kusa jin kunya gaban darakta.

Ni na matsa mashi a saya ma shafin gidan rediyonmu takardar tsaro, wadda masu aikin ke ce ma sartifika. Ita ke sa adireshi ya fara da https, ɗan kwaɗon nan ya fito. Masu saurarenmu na Agadas, Kumasi da Libiya ta shafin suke jin mu, ta nan kuma suke turo sanarwar aure da ta rasuwa, har da lambobin waya. Na ce bai kamata wannan ya riƙa yawo a buɗe ba. Ya ce ai akwai ta kyauta ta Let's Encrypt. Na ce waccan kwana 90 ce, wa zai tsaya sabuntawa? (Ashe da kanta take sabuntuwa in an saita ta.) Ya fiddo kuɗin ta shekara guda, yana harara ta.

Tekinisiyen ɗinmu ya ɗora ta ran Laraba. A kwamfutar situdiyo komi lafiya lau. Washegari ina tsakar shirin gaishe-gaishe, wani ya kira daga Sabha, kai tsaye, ya ce wai ɓarayi sun kama shafinmu, wayarsa ta nuna mashi jan gargaɗi. Darakta na jin shirin.

Kwana biyu muka yi muna lalube. Ƙofar 443 a buɗe take. Sunan da ke cikin takardar daidai, da www da babu. Makullin sirri ma ya dace da ita. To mi ya rage?

Ashe saƙon da kamfanin ya aiko fayil biyu ne a ciki, mu ɗaya muka ɗauka. Na biyun shi ne takardar tsakani. Kun san kopin takardar haihuwa, in ba a kai ta meri an buga hatimi ba, ba wanda zai karɓa. Haka nan waya ba ta san mu ba, manyan masu hatimi kaɗai ta sani, kuma takardar tsakanin ce ke nuna wanda ya sa muna hannu nasu ne. Kwamfutar situdiyo ta nemo ta da kanta, shi ya sa ta yaudare mu. Tsofaffin wayoyin Android ba su yin haka, su ne kuma hannun yawancin mutanenmu. Muka haɗa fayil ɗin biyu, aka sake tayar da na'urar, ko minti goma ba a yi ba.

Da dare sai ga inna ta aiko yaro da wayarta, wai har yanzu ja take gani. Gabana ya faɗi. Na duba: an cire batir, kwanan wata ya koma 2015, ga wayar takardarmu ba a ma haife ta ba. Na gyara mata agogo, ta ce in ƙara mata murya.