Yabon Da Ke Kan Takarda

A zamanin da nake hedimasta, duk yaron da zai bar makaranta sai mun ba shi takardar shaidar hali da Turanci. Kalmomin yabon 'yan kaɗan ne, su muke ta juyawa: mai gaskiya, mai ƙwazo, mai tsafta, mai biyayya. Ta ƙarshen nan ita malamai suka fi ƙauna. Yaron da ba ya tambaya, ba ya musu, an ce zauna ya zauna, shi ke kwashe yabo. Da tsufa ya zo na ga inda rayuwa ta kai yaran nan, sai na daina ganin girman biyayya idan ita kaɗai ce. Da yawa cikin masu shirun nan ba ladabi ne ya rufe musu baki ba, tsoron bulala ne.

Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Halaye goma ya lissafa, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. Ya yi ƙoƙari, ba laifi. Amma lissafa hali daban, gane mai shi daban.

Ku dubi Malam Aminu Kano. Da hukumar En'e ta wancan lokaci za ta rubuta masa shaida, ba za ta ce mai biyayya ba ne, sai dai mai taurin kai. Ya ajiye koyarwa a Maru a 1950, ya shiga jam'iyyar NEPU, ya tsaya wa talaka a kan haraji da aikin tilas a lokacin da faɗin haka kan kai mutum gidan yari. Ya riƙe minista a gwamnatin Gowon, amma da ya rasu a 1983 bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yana nan, kowa na iya zuwa ya gani da idonsa. Wannan ita ce shaida, ba wadda aka buga wa hatimi ba.

An ruwaito cewa wani ya yabi mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai aka ce masa ai bai san shi ba. Ni a nawa ganin, kuɗin ya fi tona asiri. Na ga masu fara'a da daɗin baki waɗanda adashi kawai ya fallasa, na kuma ga wani mai ɗaurarriyar fuska, ko gaisuwa da ƙyar, wanda ya riƙe gadon marayun ƙanensa har suka girma, ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Yanzu ga shi ana zuwa binciken aure ko neman wanda za a ba ajiya, a tambaye ka, ka ce ai mutumin kirki ne don kun haɗa sahu a masallaci. 'Ya'yana, in an tambaye ku halin wani, ku faɗi abin da kuka ga ya aikata, da wanda ya yi wa. In ba ku taɓa mu'amala da shi ba, ku ce a tambayi maƙwabcinsa.