Hannun Baffa

A Fagge muka tashi, kuma duk wanda ya san Kano ya san tsakaninmu da Sabon Gari taku kaɗan ne. A shekarun 1980 babu Hisba, Shari'a ma sai a 2000 aka ƙaddamar da ita a jihar. Gidajen giya a buɗe suke, yaro in yana da 'yan sulalla a aljihu babu mai tambayarsa shekarunsa.

Yayana yana sakandare aka gane ya fara sha. Inna ce ta fara jin warin a rigarsa, ta haɗiye maganar, ta koma karɓo masa rubutu wajen malamai tana kuka a ɓoye. Baba kuwa a ƙofar masallaci ya ji, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya dake shi har ya gaji, sannan ya rantse gidan mari zai kai shi, inda ake ɗaure kangararrun yara da sarƙa a ƙafa.

Baffa, ƙanen Baba, ya zo bayan isha'i ya durƙusa gabansa. Ya ce, "Yaya, in an kwance masa marin ina zai nufa? Ka ba ni shi."

Baffa yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun asuba yake tashin yaron su tafi masallaci. Daga makaranta shago zai wuce, a kwano ɗaya suke cin abinci, tare suke komowa gida. Abokan yawon dare suka neme shi suka rasa. Ba a rana ɗaya ya daina ba, ya sake zamewa. Baffa bai tona masa asiri ba, ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ke damunsa, tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa a gidanmu. Daga baya har mabuɗin shago ya damƙa masa, shi kuwa kunyar cin wannan amana ta fi masa bulala zafi.

A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Ban zargi iyayen da rashin ƙauna ba, na san tsoron abin kunya ne ya rufe musu ido, kamar yadda ya so ya rufe wa Baba.

Yau abin ya wuce giya, ga kodin da gwamnati ta hana sarrafawa a 2018, ga tiramol. Duk uban da ya zo mini da kukan ɗansa, tambayata ta farko ita ce: a danginku wa zai iya ba yaron nan lokacinsa kullum, daga asuba har dare?