Wasiƙa zuwa ga Kurmin Gana

Ya kai Kurmi,

Kakanninmu sun san ɗanɗanonka tun ba su taka ƙasarka ba. Goronka ne ke isa kasuwar Salaga, fatake su ɗora wa jakuna, su yi wata da watanni kafin su sauke a Kano. A inuwarka goro ke girma, a ɗebi 'ya'yansa a bar ka tsaye.

Sai ga koko. A 1879 Tetteh Quarshie ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong ta Akuapem. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai taka fitar da koko a duniya. Kuma masu 'yan kadada biyu ko uku ne suka yi wannan aiki, da adda da gatari.

Koko yana son sabon sara, inda ganyenka ya ruɓe shekaru aru-aru. Idan itacen ya kai shekara talatin sai ya tsufa, ƙasa ta gaji, cuta ta kama shi. Raya tsohuwar gona na cin taki da magani da ƙwadago, ga jiran shekaru babu girbi. Sare ka ya fi araha. Haka aka bi ka daga Akyem zuwa Asante, daga Ahafo zuwa Sefwi, har bakin iyakar Kwaddibuwa, inda ɗan'uwanka ya sha irin wannan sara. Akwai hannun 'yan ci-rani daga arewa a ciki, masu aikin abusa, waɗanda ke kula da gona su karɓi kashi ɗaya cikin uku na amfaninta.

Ina kukanka, amma na kasa tsine wa manomin. Gwamnati ce ke yanka masa farashi, kuma abin da ke shiga aljihunsa daga kuɗin cakulan bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar 1962, wadda ta sa ikon itatuwan katako da suka tsiro da kansu a hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Ka duba fa: manomi ya bar itacen odum ya girma, wata rana masu lasisi su zo su kayar, su murƙushe masa koko, diyyar ba ta taka kara ta karya ba. To don me zai bar shi? Sai ya kashe shi tun yana ƙarami. Da irin koko mai jure rana ya shigo, 'yar inuwar da ta rage ma aka raba gonaki da ita.

Yau saurarka na Bia da Ankasa da Kakum da gandayen gwamnati. Gonaki sun kewaye su, wasu gandayen an riga an kutsa, masu haƙar zinare na galamsey suna bin koguna. Jikan wanda ya fara saranka yana riƙe da tsohuwar gona a rana tsaka, kuma babu sauran kurmi a yamma da zai ƙaura zuwa gare shi.

Naka mai jimami,
wani jikan fatake