Rabin magana

Wata shida na yi ina koyon Koriyanci kafin in gane cewa yawancin abin da nake kwasa daga finafinan da nake kallo bayan isha'i maganar abokai ce da ta masoya. Na gane ne a gaban wani dattijo ɗan Koriya ta Kudu, sa'an mahaifina, da na je yi wa tambayoyi a Abuja. Da Turanci za mu yi hirar, amma son burgewa ya ja ni, na ce masa "Bap meogeosseo?", wato ka ci abinci? Gaisuwa ce ta yau da kullum a can. Ya yi shiru. Mataimakiyarsa ta sunkuyar da kai ta raɗa mini gaɓa ɗaya tak: "yo".

Rubutun bai wahalar da ni ba. Haruffan Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443, guda 24 ne a yau, kuma mako guda ya ishe ni. Wahalar tana wutsiyar aikatau. Mu Hausawa a gaban aikatau muke ɗora lokaci: na tafi, zan tafi, ina tafiya. Su kuwa aikatau ne ke rufe jimla, kuma a ƙeyarsa ake liƙa lokaci da ladabi gaba ɗaya. Saiwar "tafi" ita ce ga. Ga aboki ko ƙane sai ka ce ga kawai. Ga baƙo, gayo. A taro ko a labarai, gamnida. Idan babba ne mai tafiyar, sai si ta shigo tsakiya, a sami gaseyo. Ba ka da hanyar kammala jimla sai ka yanke hukunci a kan matsayin wanda ke gabanka, shi ya sa suke saurin tambayar shekaru.

Salon da na yi wa dattijon sunansa banmal, ma'anarsa rabin magana. Ka ɗauka suruki ya shiga zauren surukinsa da takalmi, ya ce "kai, ya ne?" Daga baya ma na fahimci ko "yo" ɗin ba ta isa ba, mataimakiyar sassauta mini ta yi. Cin babba yana da nasa aikatau, deusida, abincinsa kuma jinji ne. Kusan yadda talaka ke mutuwa, malami ya rasu.

Ƙananan kalmomin da ke bin suna su ne suka fi ba ɗalibai tsoro, musamman neun da ga. Littafin da nake bi ya ɓata shafuka yana bayani da Turanci ban kama ba, sai ranar da na gwada su da Hausa. Jeo-neun kusan "ni kam" ne, ko "ni dai". Je-ga kuma "ni ne". Do ita ce "ma", man ita ce "kawai". Wanda ya tashi yana jin bambancin "ni fa" da "ni kuwa" ba baƙo ba ne a nan, ko da yake kamannin ba ya kai ka ko'ina da ko'ina.

Hirar dai ta yi sanyi, amsoshinsa gajeru, kuma ban ga laifinsa ba. Da zan fita na tsaya a bakin ƙofa ina lissafi, domin sallamar ma biyu ce: mai tafiya a ce masa annyeonghi gaseyo, mai zama annyeonghi gyeseyo. Shi ke zama. Na rusuna na faɗa a hankali har zuwa gaɓar ƙarshe. Ya ɗaga kai ya maimaita mini "gye" ɗin sau biyu, har na faɗe ta daidai.