Yaro ma yana ciwon daji, kuma ana warkewa

 Tunda makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, zan taɓo ciwon da ko sunansa ba ma son kamawa. Idan ya sami wani sai ka ji an sassauta murya ana cewa "ai ciwon nan ne." Ciwon daji nake nufi, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, amma na yara ƙanana.

Akwai maganganu biyu da muka tashi muna ji. Ta farko, wai daji ciwon manya ne, na mama ko na mahaifa ko na tsofaffin maza. Ta biyu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi a asibiti sai ya fusata ya bazu. Na yi watanni ina jinyar ɗan yayata a ɗakin yara masu wannan ciwo, kuma abin da idona ya gani shi ne waɗannan maganganu biyu suna cikin abubuwan da ke cinye mana yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suna kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe da yawa irin namu kuwa waɗanda ke tsira ba su kai kashi 30 ba. Ciwon iri ɗaya ne, jikin yaran iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen yaushe aka kai yaro, ko an gane ciwon daidai, ko akwai magani, da kuma ko an tsaya an ƙarasa shi.

Ɗan yayata yana da shekara bakwai, yana aji biyu na firamare, lokacin da kuncinsa na hagu ya fara tasowa. Kowa a gida ya ce hangum ne, aka jiƙa magani aka shafa. Kwana biyar bai saɓe ba, sai ma haƙoransa na wajen suka fara girgiɗi. Mai kemis ya ce ciwon haƙori ne, ya ba da kafso da maganin rage zafi. Mako na biyu fuskar ta karkace, yaro ya daina iya tauna tuwo sai koko. Nan shawarwari suka yi yawa. Wannan ya ce a yi sakiya, wancan ya ce sammu ne, wata tsohuwa ta ce in dai daji ne to kada a kuskura a bari allura ta shiga jikinsa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta leƙo, ta dube shi, ta ja yayata gefe ta ce, "Maman yara, hangum ba ya kai haka, kuma ba ya kaɗa haƙori. Gobe da asuba ku wuce asibitin koyarwa, kada ku tsaya ko'ina." Allah ya saka wa matar nan da alheri.

A can aka ɗebi ɗan nama daga kumburin aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna wani nau'in daji ne da ake kira Burkitt. Sunan wani Bature ne likitan fiɗa, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda. A 1958 ya wallafa bayani a kan yaran Afirka da yake gani da kumburin muƙamuƙi. Daga baya ya zaga ƙasashe yana tambayar asibitoci, sai aka lura ciwon ya fi yawa a wuraren zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 masu bincike a Landan suka gano wata ƙwayar cuta a cikin naman irin wannan kumburi, wadda yanzu ake kira Epstein-Barr. Kusan kowa yana ɗaukar wannan ƙwaya tun yana ƙarami ba tare da ta yi masa komai ba, amma idan ta haɗu da zazzaɓin sauro mai yawan dawowa, a jikin wasu yara ƙalilan sai ta buɗe ƙofar wannan ciwo. Kenan ciwon yankinmu ne. Kuma cikin waɗanda suka fara nuna cewa magani yana narkar da shi har da Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, wanda ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu likitoci.

Burkitt yana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam, yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa mako ɗaya na "bari mu gani" ba ƙaramar asara ba ce. Amma saurin nan nasa shi ne kuma rauninsa, domin maganin da likitoci ke kira kemo ƙwayoyin da ke saurin rabuwa yake farauta. An sa wa yaronmu zagaye na farko ta ƙarin ruwa, kafin mako ya zagayo kumburin ya faɗa, har ya nemi a sayo masa gurasa. Allurar da aka ce za ta fusata ciwon ita ce ta kwantar da shi.

To a nan ne tarko na biyu yake, kuma ya fi na farko zurfi. Idan kumburi ya saɓe sai iyaye su ga ai an warke. Kuɗi sun ƙare, gona tana jira, an baro ƙananan yara a gida, ga yaro yana amai, gashinsa yana zuba. Sai uba ya ce a sallame su, ko su sulale da dare. Na ga gadaje sun zama wayam ta haka. Wasu sun dawo bayan wata biyu ko uku, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, ya shiga ciki ko ƙashin baya, maganin da ya yi aiki jiya ya daina jin sa. Saɓewar kumburi ba ita ce warkewa ba. Ƙwayoyin da ido ba ya gani suna nan, kuma sauran zagayen domin su ake yi. Mu ma an kai wannan gaɓa a gidanmu, sai da dangi suka zauna aka raba nauyi, wannan kuɗin mota, wancan kuɗin gwaji, wata ta ɗauki ƙannensa. Ya ƙarasa maganinsa. Yanzu yana ƙaramar sakandare, yana zuwa a duba shi lokaci zuwa lokaci.

Ba kowa ne ya fita da irin wannan labari ba. Kusa da gadonmu akwai wata yarinya 'yar shekara biyu. Uwarta ta ce tun tana wata takwas take ganin wani fari a tsakiyar baƙin idonta, yana ƙyalli da dare kamar idon kyanwa. Aka ce hakiya ce, aka yi ta ɗiga magani. Dajin ido ne, wanda ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A zuwansu na farko likita ya ce a cire idon domin a ceci ranta, dangin uba suka ce ba za a mayar musu da 'ya mai ido ɗaya ba, wa zai aure ta. Lokacin da na gan su zuwa na biyu ne, idon ya riga ya fito waje. Ba ta kai ƙarshen watan ba. A ƙasashen da ake kama wannan ciwo da wuri, fiye da yara tara cikin goma suna rayuwa, wani lokaci ma har a ceto idon. Har yau idan na tuna uwar nan tana naɗe tabarmarta sai in rasa abin cewa.

Saboda haka ga alamomin da nake roƙon kowa ya riƙe. Kumburi a muƙamuƙi, wuya, hammata ko wani wuri, wanda yake ƙaruwa ko ya wuce mako biyu, musamman idan ba ya zafi. Cikin yaro ya yi girma ko uwa ta ji wani abu mai tauri a gefe ɗaya lokacin wanka, kada a tsaya a kan cewa saifa ce, domin akwai dajin ƙoda na yara ƙanana da ake kira Wilms, kuma yana jin magani sosai. Fari a baƙin ido, ko ido ya fara karkata, ko ya turo. Zazzaɓin da aka yi wa maganin sauro da na taifot ya ƙi tafiya, tare da ɗashewar jiki, kasala, zubar jini ta hanci ko dasashi, da ciwon ƙashi ga yaron da ba sikila ba, wannan yana iya zama dajin jini, wanda shi ne ya fi yawa a yaran duniya. Sai ciwon kai mai naci da amai da sassafe, ko yaro ya fara tangaɗi a tafiya. Mafi yawan lokuta za a duba a ga wani abu ne mai sauƙi. Amma gwaji ne zai faɗa, ba ido ba. Akwai asibitocin koyarwa a Kano, Shika ta Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, a Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Idan ƙaramin asibiti ya yi magani sau biyu babu sauyi, ku nemi takardar tura ku gaba, haƙƙinku ne.

Akwai kuma abin da ciwon yake yi wa rayuwar yaro wanda ba ya fitowa a takardar gwaji. Yaronmu ya rasa zangon karatu biyu. Ranar da ya koma da kai ƙwal babu gashi, yara suka sa masa suna, ya dawo gida ya ce shi ya bar makaranta. Wasu iyaye a layinmu suka hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da shi. Jama'a, ba a ɗaukar ciwon daji ta kwano, ko numfashi, ko wasa. Hasali ma shi ne ke cikin haɗari daga gare mu, domin kemo yana raunana garkuwar jiki, ƙyanda ko ƙarambau ko mura mai ƙarfi suna iya kwantar da shi. Duk yaron da ke kan wannan magani idan jikinsa ya yi zafi, a daren za a koma asibiti, ba a jiran safiya. Gashi kuwa yana dawowa bayan an gama.

Sannan a daina ɗora wa uwa laifi. Na ji ana cewa wani abu ta ci da ciki, ko nononta ne ba shi da kyau, ko daga danginsu ne. Mafi yawan dajin yara ba a san musabbabinsa ba, kuma ba shi da alaƙa da abin da uwa ta yi ko ta bari. Matar da ke kwana a tabarma a gindin gado wata da watanni ba gori take buƙata ba. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta taɓa hana kowa neman magani ba, kuma addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, tare muka riƙe su.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da asibitin yara na St. Jude da ke Amurka, ta ƙaddamar da shirin da ke son kai adadin yaran da ke tsira zuwa aƙalla kashi 60 cikin 100 kafin 2030. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yara masu ciwon daji, watan Satumba kuma watan wayar da kai ne. Amma shirin da aka tsara a Janiba ba zai shigo lungunmu ya ga kuncin yaro ba. Mu ne za mu gani.

A zauren nan akwai malaman makaranta da na islamiyya, masu kemis, wanzamai, ungozomomi, direbobi. Malam, idan ɗalibinka ya ɗashe yana yawan kwanciya a aji, kira uwarsa. Mai kemis, idan an dawo maka da yaro karo na biyu da kumburi ɗaya, ka ce wannan ya fi ƙarfin shagona, darajarka ƙaruwa za ta yi. Wanzami, kumburin da ba ka san kansa ba kada ka sa masa aska. Matasa masu lafiya, yaran nan suna shan ƙarin jini sosai, leda ɗaya daga jikinka tana iya sa a ci gaba da magani a ranar da aka tsara. Wanda kuma yake da maƙwabci mai jinya, kuɗin mota na zuwa ɗaya ko kwanon abinci ga yaran da aka bari a gida yana iya zama abin da zai hana su yanke magani a tsakiya.

Yau da dare idan an yi wa yara wanka, a shafa cikinsu, a duba wuyansu, a kalli idonsu a haske. Wanda ya taɓa yin irin wannan jinya ya ba mu labarinsa a ƙasa domin wasu su ƙaru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri.